Sake Gina Ƙungiyar Ƙwallo: Darasin Da Faɗuwar RTU Ta Koya Mana

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar masu shan ataya a zangon Salaga, ko a tashar mota ta Yendi, ko a bakin kasuwar Bawku, a lokacin da aka buɗe cinikin 'yan wasan ƙwallon ƙafa, ya san irin gardamar da kan kaure. Wannan ya ce a sayo wane, wancan ya ce a sallami wane domin ƙafarsa ta mutu, wani kuma daga gefe ya rantse cewa da za a ba shi ƙungiyar na wata uku kacal da an ga aiki. A irin wannan lokaci kowa koci ne, kowa kuma dillali ne.

Mu ma ba mu tsira daga wannan gardama ba, domin kuwa ƙungiyar da aka fi yin ta a kanta, wato Real Tamale United, wadda aka fi sani da RTU, tamu ce gaba ɗaya. Ko da yake a Tamale take zaune, ba ta mutanen Tamale kaɗai ba ce. Badagombe da Bagwanje da Bakusashe da Bamamfurshe da Bahaushen zango duk sukan taru a ƙarƙashin tutarta, abin da ba kasafai ake samu a wasu sha'anonin namu ba. Saboda haka idan ta faɗi, ciwon na kowa ne.

Tambayar da muke so mu duba tare da masu karatu a wannan wata ita ce: idan ƙungiya ta durƙushe, ta yaya ake sake haɗa mata 'yan wasa har ta miƙe? Abin da muka fahimta daga tarihin RTU, da na wasu ƙungiyoyi na kusa da na nesa, shi ne cewa sayen ɗan wasa shi ne mataki na ƙarshe a wannan aiki, amma mu kullum da shi muke farawa.

Daga Ina Aka Taso?

An kafa RTU a shekarar 1976. Daga cikin waɗanda suka kafa ta akwai marigayi Alhaji Aliu Mahama, haifaffen Yendi, wanda daga baya ya zama Mataimakin Shugaban Ƙasar Ghana daga 2001 zuwa 2009. Allah Ya yi masa rasuwa a 2012, kuma a 2017 aka sanya sunansa ga babban filin wasa na Tamale, wanda aka gina domin gasar cin kofin Afirka ta 2008. Ke nan tun daga tushe akwai hannun mutanen Yendi a cikin wannan gida.

Ba a daɗe da kafa ta ba ƙungiyar ta hau babban rukuni na ƙasa, ta kuma shiga gogayya da manya irin su Asante Kotoko ta Kumasi da Hearts of Oak ta Akra. Dattawanmu har gobe suna ba da labarin filin Kaladan, inda baƙi daga kudu kan shigo da fargaba. A 1978 Mohammed Choo na RTU shi ne ya fi kowa zura ƙwallaye a gasar ƙasa. Bayansa aka yi Anane Kobo, wanda shi ma ya riƙe wannan kambu a farkon shekarun 1980.

Amma babban abin alfaharin gidan shi ne Abedi Ayew, wanda duniya ta sani da Abedi Pele. A RTU ya fara nuna kansa yana yaro ƙarami, daga nan aka kira shi cikin Black Stars, ya kuma ɗauki kofin Afirka a Libiya a 1982 yana ɗan shekara 17. Daga baya ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka sau uku a jere, a 1991 da 1992 da 1993, ya kuma ci kofin zakarun Turai tare da Marseille ta Faransa a 1993. Haka nan Mohammed Gargo, wanda yake cikin yaran Ghana 'yan ƙasa da shekara 17 da suka ci kofin duniya a Italiya a 1991, daga RTU ya wuce Torino.

Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka sayo shi bayan ya yi suna. A gidan suka yi sunan. Ƙarfin RTU na wancan zamani ya ta'allaƙa ne a kan ido mai gane yaro tun bai zama kowa ba, da kuma gida mai riƙe shi har ya nuna.

Faɗuwa, Tashi, Da Sake Faɗuwa

Idan ba a manta ba, kakar wasa ta 2012/2013 ita ce mafi muni a tarihin ƙungiyar, domin an fara gasar an gama RTU ba ta ci wasa ko ɗaya ba, ta kuma faɗa rukuni na ɗaya, wanda shi ne na ƙasa da Firimiya. Shekara takwas ta yi a can tana fafutuka. A cikin waɗannan shekaru ma an yi lokacin da ƙwallon Ghana gaba ɗaya ya tsaya, da farko a 2018 bayan fallasar cin hanci da ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya yi, sannan a 2020 saboda annobar korona.

Sai a 2021 Allah Ya nufa ta dawo Firimiya. A wannan karo shugabannin sun yi wani ciniki da ya dace a yaba. Sun ɗauko David Abagna Sandan daga AshantiGold ta Obuasi, ɗan wasan tsakiya wanda ya san gasar ciki da waje, suka kuma ɗora ƙungiyar a kansa. Cikin 'yan watanni ya yi ta zura ƙwallaye har aka kira shi cikin tawagar Black Stars da ta je gasar kofin Afirka a Kamaru a farkon 2022. A ƙarshen wannan kaka RTU ta tsira da ƙyar, bayan da ta je har Akra ta doke Hearts of Oak da ci 4 da 1 a ranar ƙarshe.

To, amma ɗan wasa ɗaya ba ya zama ginshiƙin gida har abada. A 2023 Abagna ya koma Al Hilal ta Sudan. Wannan ba laifi ba ne, haka kasuwar take, kuma duk ƙungiyar da ba ta da ƙarfin aljihu dole wata rana ta sayar da gwaninta. Abin tambaya kawai shi ne ko an tanadi wanda zai maye gurbinsa, ko kuwa sai da ya fita aka fara waige-waige.

Kakar 2023/2024 ta ba da amsa. RTU ta ƙare a ƙasan teburi, ta sake faɗuwa. Abin da ya fi faɗuwar ciwo shi ne abin da ya faru a watan Yuni na 2024, a wasan da Dreams FC ta lallasa ta da ci 8 da 1. Rahotanni sun nuna cewa 'yan wasan ƙungiyar sun ƙi tafiya wasan saboda bashin albashi da suke bi, aka kuma tsayar da wasu yara daban a madadinsu, abin da ya sa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ghana ta tuhumi ƙungiyar. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon RTU ba a fili ya tsage ba, a ofis ya tsage, ranar da wata ya ƙare ba a biya ma'aikaci haƙƙinsa ba.

Suna Ba Ya Cin Wasa

Duk lokacin da irin haka ta faru, maganin da jama'a suka fi saurin kawowa shi ne a nemo wani attajiri ya zuba kuɗi a sayo manyan 'yan wasa. Kafin mu amince da wannan magani, ya kamata mu dubi waɗanda suka riga mu shan sa.

A 2016 Wa All Stars ta ci gasar Firimiya ta Ghana, ita ce kuma ƙungiyar arewa ta farko da ta taɓa yin haka. Ta yi shi ne da matasa waɗanda yawancinsu ba a san su ba kafin wannan lokaci, irin su mai tsaron gida Richard Ofori, wanda daga baya ya tsare wa Black Stars raga, da shi kansa David Abagna. A 2019 aka sayar da ƙungiyar, aka mayar da ita Akra, aka sauya mata suna zuwa Legon Cities. Sababbin masu ita suka shigo da kuɗi da motoci da makaɗa, a ƙarshen 2020 kuma suka ɗauko Asamoah Gyan, mutumin da ya fi kowa ci wa Ghana ƙwallaye, har guda 51. Duk ƙasar ta ɗauka. Amma Gyan ya zo ne a ƙarshen ƙarfinsa, rauni ya dame shi, wasanni kaɗan ya buga, ƙungiyar kuwa ta ƙare kakar tana neman tsira daga faɗuwa. Ƙungiyar da ta ci kofi da yaran da ba a sani ba, ita ce ta kasa kataɓus da sunan da duniya ta sani.

Mu leƙa wajen 'yan'uwanmu na Kano. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar Nijeriya sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. A watan Afrilu na 2021 ɗanta Ahmed Musa, kyaftin ɗin Super Eagles a lokacin, ya dawo gida ya buga mata na 'yan watanni kafin ya wuce Turkiyya. An yi murna ƙwarai, amma zuwan nasa bai toshe ɓarakar da ke cikin gidan ba, domin a 2022 Pillars ta faɗa rukuni na ƙasa. Da ta tashi dawowa a 2023, da matasa ta dawo, tare da tsohon hannu Rabiu Ali wanda ya daɗe yana riƙe da ƙungiyar. Sai bayan ta sake zama da gindinta ne, a watan Oktoba na 2024, Ahmed Musa ya sake dawowa tare da Shehu Abdullahi, suka tarar da gida a tsaye suka ƙara masa ƙarfi.

Ba muna cewa kada a ɗauki gogaggen ɗan wasa ba ne. Da tsohuwar zuma ake magani. Abin da muke cewa shi ne, babban suna kamar rufin kwano yake, yana da amfani idan akwai bangon da za a ɗora shi a kai.

Akwai kuma masu ganin a sayi ƙungiya sukutum a kawo ta gida. An yi hakan a 2023, lokacin da ɗan majalisa Haruna Iddrisu na Tamale ta Kudu ya sayi Karela United daga yankin Nzema ya kawo ta arewa. Wannan ya ba arewa kujera a Firimiya, kuma abin godiya ne. Sai dai labarin Wa All Stars ya isa ya tuna mana cewa abin da kuɗi ya kawo, kuɗi na iya ɗauke shi.

Darasi Daga Amurka

Matsalar ƙungiya mai ƙaramin ƙarfi a tsakanin masu kuɗi ba a kanmu farau ba. A Amurka akwai wani wasa da suke ji da shi mai suna besbol, wanda ake jefo ƙaramar ƙwallo mutum ya doke ta da kulki ya ruga yana zagaya sansanoni huɗu. A can ba kasafai ake sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi daga wata ƙungiya ba. Musaya ake yi, a ba da gwani ɗaya a karɓi matasa biyu ko uku, ko kuma a jira wanda kwantiraginsa ya ƙare a ɗauke shi.

A ƙarshen kakar 2001 wata ƙungiya mai suna Oakland Athletics ta rasa manyan 'yan wasanta uku a lokaci guda, wato Jason Giambi da Johnny Damon da Jason Isringhausen, domin masu kuɗi sun taya su da abin da ba za ta iya biya ba. Abin da take kashewa a albashi bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da New York Yankees ke kashewa ba. Manajanta, Billy Beane, bai tsaya neman wani Giambi ba, tun da ya san ba shi da kuɗinsa. Sai ya zauna da mutanensa suka yi lissafin ainihin abin da waɗannan mutum uku suke kawo wa ƙungiya, suka kuma shiga neman 'yan wasa masu araha waɗanda idan aka haɗa aikinsu zai cike wannan giɓi. Ɗaya daga cikinsu, Scott Hatteberg, ya samu rauni a hannu har ana ganin tasa ta ƙare, suka ɗauke shi suka sauya masa wurin tsayuwa. A kakar 2002 ƙungiyar ta ci wasa 103 cikin 162, ciki har da 20 a jere. Ba ta ɗauki kofin ƙarshe ba, amma ta nuna cewa talaka ma na iya shiga kasuwa ya fito da kaya mai kyau idan ya san abin da ya je saya.

Idan muka juyo da wannan gida, ma'anarsa ita ce kafin a ce a sayo wane, a fara tambayar ina ciwon yake. Ƙwallaye ne ba ma ci, ko kuwa zura mana ake yi? A gida muke zubar da maki ko a waje? Daga Tamale zuwa Akra kimanin kilomita 600 ne, kuma yawancin ƙungiyoyin Firimiya a kudu suke. Ƙungiyar da za ta kwana a mota duk bayan mako biyu tana bukatar 'yan wasa masu juriya da benci mai zurfi fiye da yadda take bukatar gwanin yanka guda ɗaya.

Kada A Ci Uwar Kuɗi

A gaskiya mu mutanen Salaga da Yendi da Bawku bai kamata a ce sai an je Amurka an koyo mana ciniki ba. Kakanninmu fatake ne. A ƙarni na 19 ayari kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, ya biyo ta Yendi ya sauka Salaga, ya koma da goron Gwanja. Bafatake ya san ƙa'idoji uku: ba a cin uwar kuɗi, ba a sayar da kaya sai an san da me za a koma, kuma ba a wasa da amanar mai masauki da ta 'yan ayari. Ya kuma san abin da ya faru da kasuwar Salaga bayan yaƙin basasa na 1892, lokacin da aminci ya ƙare, fatake suka watse zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo. Kasuwa ba ta rayuwa inda babu aminci, ƙungiyar ƙwallo ma haka.

Hanyoyin da ƙungiya ke samun ɗan wasa guda huɗu ne, kowace kuma da ribarta da haɗarinta.

Ta farko ita ce saye da kuɗi daga wata ƙungiya. Ita ce mafi tsada, don haka ba a yin ta sai a gurbin da aka tabbatar babu mai cike shi a gida, kamar mai tsaron raga ko mai cin ƙwallo.

Ta biyu ita ce ɗaukar wanda kwantiraginsa ya ƙare. Tun bayan hukuncin Bosman na 1995 a Turai, wannan hanya ta zama ruwan dare a duniya. Ba a biyan tsohuwar ƙungiyarsa, amma shi ɗan wasan yakan nemi kuɗin sa hannu. A nan ne ƙananan ƙungiyoyi suka fi faɗawa rami, su yi alkawarin kuɗin da ba su da shi, wata uku bayan nan a fara rigima.

Ta uku ita ce aro. Manyan ƙungiyoyi irin su Kotoko da Hearts kan tara yaran da ba sa samun wurin bugawa, suna kuma son a ba su fili su goge. Aro na da sauƙi, amma kayan aro ba ya rufe katara. Ƙungiyar da rabin 'yan wasanta na aro ne, duk ƙarshen kaka sai ta koma farko.

Ta huɗu ita ce reno, wato a ɗauko yaro daga ƙananan ƙungiyoyin unguwa, waɗanda a nan Ghana muke kira kolts, ko daga rukuni na biyu, a raine shi. Ita ce mafi jinkiri, ita ce kuma kaɗai mai haifar da uwar kuɗi.

Idan lokacin sayarwa ya zo kuwa, akwai abu biyu da bai kamata a manta ba. Na ɗaya, a rubuta a cikin yarjejeniya cewa idan wanda ya saya ya sake sayar da yaron gaba, ƙungiyar farko tana da wani kaso a ciki. Sau da yawa wannan kaso ya fi kuɗin cinikin farko yawa. Na biyu, kuɗin da aka samu a raba shi tun kafin ya shiga hannu: kashi na albashin watannin da ke tafe, kashi na wanda zai maye gurbi, kashi na renon yara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ina Namu Rabon?

Wani zai ce, to, duk wannan aikin shugabannin ƙungiya ne a Tamale, mu da ke Salaga ko Yendi ko Bawku mene ne namu a ciki? Namu shi ne mafi girma, domin a wurinmu yaran suke.

Mu dubi 'yan arewa da suka yi fice a shekarun baya-bayan nan. Mubarak Wakaso ta AshantiGold ya bi ya tafi Sifen. Abdul Majeed Waris ta makarantar Right to Dream ya fita, har ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Suwidin a 2012. Baba Abdul Rahman ta Dreams FC da Kotoko ya bi zuwa Jamus, daga can Chelsea ta saye shi a 2015. Dukkansu 'yan Tamale ne, amma kudu ce ta fitar da su kasuwar duniya. Abdul Fatawu Issahaku ne ya nuna cewa ana iya yi daga gida. Yana buga wa Steadfast ta Tamale a rukuni na ɗaya aka zaɓe shi gwarzon gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20 da Ghana ta ci a Muritaniya a 2021, daga nan ya tafi Sporting ta Fotugal a 2022, sannan Leicester ta Ingila a 2023. Idan Tamale kaɗai ta fitar da waɗannan, yara nawa ne ke buga ƙwallo ba takalmi a filayen makarantun Salaga da Yendi da Bawku waɗanda babu wanda ya taɓa zuwa ya kalle su?

Ga wani abu da yawancin masu koyar da yaranmu ba su ba shi muhimmanci ba. A dokar hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata alhali yana da kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi tun daga shekara 12 har zuwa 23. Wato idan aka yi cinikin yaro a kan Yuro miliyan ɗaya, Yuro 50,000 na waɗanda suka yi renon ne. A 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi na musamman a birnin Faris domin bin sawun irin waɗannan kuɗaɗe. Amma ba a biyan kowa da labarin baka. Sai ƙungiyar da ke da rajista da hukuma, wadda kuma ta yi wa yaron rajista da sunansa na gaskiya da shekarunsa na gaskiya. Malamin da ya shekara biyar yana saya wa yaro takalmi da koko da ƙosai daga aljihunsa, idan bai rubuta shi ba, ranar rabo ba a san da shi ba.

Saboda haka muna kira ga masu ƙananan ƙungiyoyi a garuruwanmu da su yi rajista, su kuma adana takardu. Muna kira ga iyaye da su yi wa 'ya'yansu takardar haihuwa, su guji rage shekaru, domin ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Su kuma sani cewa dokar FIFA ta hana kai yaro wata ƙasa domin ƙwallo kafin ya cika shekara 18, in ban da wasu 'yan dalilai ƙalilan. Duk dillalin da ya zo ya ce a sayar da gona ko shanu a ba shi kuɗi zai kai yaro ɗan shekara 15 Turai, a bincike shi da kyau. Kada kuma ƙwallo ta raba yaro da makaranta, ta boko da ta allo, domin cikin yara ɗari da ke fili, kaɗan ne za su ci abinci da ƙafarsu.

Muna kuma kira ga attajiranmu na zango, masu fataucin shanu da albasa da doya da goro, da su gane cewa taimakon ƙungiya ba sai ranar da ta ci wasa a yi wa 'yan wasa liƙi ba. Wanda ya ɗauki nauyin man mota na kaka guda, ko albashin 'yan wasa biyu na shekara, ya fi wanda ya yi kyautar dubbai a gaban jama'a rana ɗaya ya ɓace. Su kuma shugabannin ƙungiya, haƙƙi ne a kansu su riƙa bayyana wa magoya baya abin da ya shigo da abin da ya fita, domin mutum ba ya zuba hatsinsa a rumbun da bai ga ƙasansa ba.

Game da Bawku kuwa, kowa ya san irin shekarun tashin hankali da dokar hana fita da garin ya sha. Mai neman 'yan wasa ba ya zuwa inda ba zai iya kwana ba, yaro kuma ba ya atisaye da yamma idan an ce kowa ya shiga gida. Yendi ma ta ga irin nata daga 2002 har zuwa 2019, lokacin da aka naɗa Ya-Na Abukari na Biyu. Zaman lafiya shi ne filin farko da ake sharewa kafin a kafa raga.

A taƙaice, jama'a, tsarin aikin a bayyane yake. A fara da biyan waɗanda ke gida haƙƙinsu. A san inda ciwon yake. A riƙe 'yan wasa huɗu ko biyar da za su zama ƙashin bayan ƙungiya na shekara uku, a kewaye su da yaranmu na gida, sannan a shiga kasuwa a sayo abin da ya rage. Ƙungiyar da ta fitar da Choo da Abedi da Gargo ba ta rasa ƙasa mai albarka ba, manoma take nema masu haƙurin jiran kaka.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu, Ya albarkaci yaranmu, Ya kuma nuna mana ranar da kofin ƙasa zai kwana a Tamale. Amin.